Neman kalma: me za mu kira tashin da tururuwa ke yi bayan ruwa?

Malamin Kimiyya, Asawase:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirya darasin ƙwari da zan koyar da Hausa a makarantar dare, sai na zo kan abin da littafin Turanci ya kira nuptial flight, na tsaya cik. Shi ne lokacin da tururuwa masu fiffike, mazan da kuma matan da za su zama sarauniyoyi, suke barin gidansu su tashi sama domin su haɗu. Kalmar farko a Turancin ta shafi bikin aure, shi ya sa "tashin angwanci" ya fara zo mini, amma kunnena bai kwanta da shi ba. Ga shi Maris ya kama, ruwan farko ya sauka a Kumasi, yara na ganin abin da idonsu. Masu Hausa a taimaka.

Hajiya ta Aboabo:
Wa alaikumus salam Malam. Ai wannan yana da suna tun kaka da kakanni. Shinge ke nan, wasu su ce cinge, manyan kuma gina. Daren da aka yi ruwa mai ƙarfi, da an kunna fitilar ƙofar gida sai ka ga sun yi mata dafifi. Mu dai roba muke cikawa da ruwa mu ajiye ƙarƙashin fitilar, su riƙa faɗawa, fiffiken ya jiƙe su kasa tashi. Da safe a tsame, a zuba a kasko ba mai, don da mansu suke zuwa, a barbaɗa gishiri, a sheƙe fiffiken a faifai. Ka ce "fitar shinge" kawai, kowa ya gane.

Ɗalibar KNUST:
Hajiya ina wuni, daga nan KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi. A gafarce ni, shingen da kike soyawa 'ya'yan gara ne, ita kuwa gara dangin kyankyaso ce. Tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, su danginsu zanzaro ne da rina da ƙudan zuma. In kika ɗora ɗaya a tafin hannu za ki gani. Shinge fukafukansa huɗu tsawonsu ɗaya, sun zarce jikinsa sosai, ƙugunsa a cike. Tururuwa mai fiffike na gaba sun fi na baya tsawo, ƙugunta a tsuke kamar an ɗaure da zare, 'yan zaruruwan nan biyu da ke kanta kuma a lanƙwashe suke.

Bambancin da ya shafi kalmarmu shi ne wannan. Shinge yana tashi, ya sauka, ya karkaɗe fiffike, sai ki gan su biyu-biyu suna sauri a ƙasa, mace a gaba, namiji na manne da bayanta, har su sami wurin tona rami. A can ciki suke haɗuwa, kuma namijin na zama tare da ita shekara da shekaru. Tururuwa kuwa a wannan fitar ake gama komai, ko a sama ko a kan ganye ko inda suka faɗo, namijin ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Macen ta ɓalle fiffikenta da kanta, ta tona rami, ta toshe ƙofa. A yawancin ire-irensu ba ta fita neman abinci a wannan zaman, naman da ke motsa fiffiken nan shi jikinta ke narkarwa ta rayu har 'ya'yan farko su girma. Abin da ta karɓa daga namiji kuma tana adana shi a wata 'yar jaka a cikinta, da shi za ta yi ta haifar ma'aikata iya rayuwarta. Wani masani Bajamushe ya taɓa kiwon sarauniyar baƙar tururuwar lambu ta Turai har ta kusa shekara 29.

Baba Alhaji, Sabon Zango:
Madalla 'yata, Allah ya yi albarka. Ashe da magabata suka ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike, da ido suka gani. Ni dai angwancin nan ya yi mini. Akwai kunya a cikinsa, ka faɗe shi gaban yara, ka faɗe shi gaban surukai.

Bakano a Kejetia:
Baba Allah ya ƙara girma, amma wane irin ango ne wanda ba ya ganin kwana bakwai? In ma angwanci ne, ai garar Hajiya ta fi cancanta, tunda ita ce ke zaman aure. Ni shawarata a laƙaba masa lokacinsa, a ce "tashin farkon damina". Mu a Kano sai ruwan shuka ya sauka, wajen Mayu ko Yuni, ake ganinsu.

Manomin koko, Tepa:
Ɗan'uwa, farkon wace daminar? Ku damina ɗaya gare ku, mu nan biyu ce. Babbar ta kama daga Maris ko Afrilu zuwa Yuli, Agusta a ɗan sarara, ƙaramar ta dawo Satumba zuwa Nuwamba. Ni a gona ina ganin masu fiffike a duka biyun, ba iri ɗaya ba dai. Kuma ba na duba kalanda. In an kwana ana ruwa, gari ya waye rana ta buɗe, ƙasa na tururi, ganyen ayaba ko motsi ba ya yi, gumi na tsatso maka kana zaune a inuwa, to ka leƙa bakin raminsu. Za ka tarar ma'aikatan sun faɗaɗa ƙofa suna ta kai da kawo, masu fiffiken na leƙowa suna komawa. Can sai su fara hawa kan ciyawa da kututture, ɗaya ya tashi, goma su bi. Kafin ka ankara tsattsewa ta cika sama, ƙadangaru da kaji na wawaso a ƙasa. Ranar da iska ke kaɗawa kuwa, ko an yi ruwa, leƙen kawai suke yi su koma.

Ina da tambaya ga ɗalibarmu. Akwai wani dogon ƙwaro ruwan ƙasa, ya kai gaɓar yatsa da wani abu, mai zuwa fitila da dare yana gunji yana karo da bango. In ka kama shi sai ya riƙa lanƙwasa gindi kai ka ce harbi zai yi. Shi kuma na wane gida ne?

Ɗalibar KNUST:
Kawu, wannan namijin kwarkwasa ne, kuma ba shi da ƙari, barazana ce kawai. Su kwarkwasa sarauniyarsu ba ta taɓa yin fiffike, namiji kaɗai ke tashi. Ya sauka kusa da ayarin wani gida, ma'aikata su kama shi, fiffiken ya fita, su kai shi wurinta. Wannan kaɗai ya isa ya kayar da "angwanci", don babu amaryar da ta tashi.

Abin da ka gani game da yanayi kuma an auna shi. A Ingila, inda suke fita a Yuli da Agusta, mutane sun daɗe suna cewa rana ɗaya ce tak a shekara. Ƙungiyar masana halittu ta Royal Society of Biology ta fara karɓar rahoto daga jama'a a 2012, dubban mutane suka aika, sai aka ga fitar na warwatse cikin makonni. Aka kuma ga ba sa tashi sai zafi ya haura digiri 13 a ma'aunin Salshiyos, iska kuma ba ta kai gudun mita 6.3 a daƙiƙa ba, wato wajen kilomita 23 a awa. A Yulin 2019 taronsu ya yi yawan da har na'urar rada ta hukumar yanayin ƙasar ta nuna shi a matsayin ruwan sama. Mu nan zafi ba ya yanke mana, don haka ruwa da laima da kwanciyar iska su ne ke buɗe ƙofa.

Dalilan a fili suke. Tashinsu ba ƙarfi, iska kaɗan ta watsa su. Jikinsu na saurin bushewa in babu laima. Sarauniya na buƙatar ƙasa mai taushi ta tona kafin wani ya cafke ta. Sannan tunda duk gidajen iri ɗaya a yankin alama ɗaya suke jira, sai su fita tare, ta haka na wannan gida ke samun na wancan, masu cinsu kuma su ƙoshi a bar saura. Sa'ar fita ma kowane iri da tasa, wasu da hantsi, wasu da la'asar, wasu kafin asuba. Shi ya sa sa wata ko damina a cikin sunan zai ɗaure mu. Ni na kawo "tashin barbara".

Baba Alhaji, Sabon Zango:
Barbara fa 'yata? Da bakin Malam, gaban yara?

Malamar Hausa, Nima:
Baba a yi haƙuri in sa baki. Barbara kalmar kiwo ce da noma, ba ta batsa ba. Makiyayi na faɗinta kan akuya da kaza, malamin gona na faɗinta kan masara in garin furen da ke kanta ya sauka kan gemu, ba wanda ya sunkuyar da kai. Baye na doki ne da jaki, ba zai hau ƙwaro ba. Aure da angwanci kuwa suna ɗauke da zama tare, an kuma nuna mana babu shi a nan. Na yi tunanin "shawagi", amma shawagi kewaye ne a sama, irin na shirwa ko jirgi mai jiran sauka, su kuwa waɗannan fita ce ta sau ɗaya ba komowa. "Tashi" ya fi, ga "tashin gwauron zabi" nan a bakin kowa, kunne ya saba da ginin. Kuma "tashin barbara" bai ce a sama ake yi ba, cewa ya yi dalilin tashin ke nan, yadda "fitar farauta" ba ta faɗi dajin ba. Don haka ya ɗauki tururuwa, ya ɗauki namijin kwarkwasa, ya ɗauki sarauniyar zuma, har shinge ma in ana bayanin kimiyya. Sunan shinge kuma na nan daram a wurinsa, sunan ƙwaron ne.

Baba Alhaji, Sabon Zango:
To, ku rubuta barbara a littafi. Ni a gidana angwanci zan ci gaba da cewa.

Malamin Kimiyya, Asawase:
An gode Baba, an gode kowa. Ga yadda na sa a allo: "Tururuwa kan yi tashin barbara bayan an yi ruwa, yawanci washegari, idan gari ya yi ɗumi, akwai laima, iska kuma ta kwanta." Aikin gida kuma, kowane yaro ya kawo mai fiffike ɗaya a kwalba, mu duba ƙugu da fukafukai mu raba tururuwa da gara.

Hajiya ta Aboabo:
Malam ka ƙara musu cewa shinge sau da yawa ba ya jiran washegari, a daren ruwan yake fita, wanda ya yi barci da wuri sai dai ya share fiffike da safe. Kuma ka ce su huda murfin kwalbar, kada su kawo maka gawa.