Sabar ɗaya, suwic biyu: yaya zan haɗa wayoyin?

Ɗan Kawo:
Salamu alaikum. Ranar Laraba suwic ɗin ofishinmu a Unguwar Rimi (na'urar da ke haɗa kwamfutocinmu da juna) ya ƙone da aka kawo wuta, sabarmu (kwamfutar da sauran ke dogara da ita) ta yanke awa 5, ranar biyan albashi kuwa! Yanzu mun sayo biyu. Sabar Linux ce mai kafar waya biyu, na kai kowace waya suwic daban, na kunna LACP (tsarin da ke sa wayoyi su yi aiki tare kamar guda), amma ɗaya kawai ke aiki. Ina kuskurena?

Injiniyan Kakuri:
Wa alaikumus salam, ƙanena. LACP, wato 802.3ad, yana so ya ga suwic ɗaya a gabansa. Sai biyun sun haɗe kamar guda, ta tsarin MLAG, ko vPC a suwic ɗin Cisco Nexus. Ƙananan suwic yawanci ba sa iyawa. Koma tsarin active-backup, ka sa miimon=100, wato sabar ta riƙa duba wayoyin duk milisakan 100. Waya ɗaya na aiki, ɗaya na jira, saurin ba zai ninku ba. Ka kuma haɗa suwic biyun da waya.

Maman Barnawa:
Kada ka jona su a soket ɗaya, Malam. Mu haka muka yi, suka mutu tare.

Ɗan Kawo:
Na gode, Yallabai. Na zare waya ɗaya da hannuna, sabar ba ta yanke ba.