Musayar baitoci a kan zambo da habaici, daga Damagaram

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum. Jiya da la'asar a Kasuwar Dole na ga wani matashi yana ɗura wa mai goro ashar a kan dala biyar, da ya gama kuma sai abokansa suka yi ta yaba masa wai ya iya zambo, kuma wannan yabon ya fi zagin ɓata mini rai. Ga baitocina, mai amsa ya riƙe amsa-amon "ba".

Zambo sana'ar masu hikima ce,
Ba a taɓa koyon ta wajen wawa ba.
Maroƙin fada kan ɗauki magabcin sarki,
Ya zana shi sarai, bai kama sunansa ba.
Ya ce ga mai rawani kamar gammo,
Wanda bai taɓa ba bara ko dala ba.
Fada ta ɗauki dariya, mai rawanin ya yi gum,
Don in ya tanka, bai bar wa kowa shakka ba.
Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as,
Wanda bai ɗauka ba, bai ji komai ba.

Bafillacen Zango:
Wa alaikumus salam, taubashina. Na yarda da kai a kan matashin, amma tun da Babarbare ne ya buɗe fage, wajibi ne Bafillace ya gyara masa zance.

Malam, ka faɗi rabi ka bar rabi,
Ba ka ambaci wasanmu da ku ba.
A nan ana kama suna ƙiri-ƙiri,
Ba a taɓa kai ƙara gaban alƙali ba.
Na ce Babarbare ya ga nono a ƙwarya,
Ya manta da baƙon da bai sallama ba.
Ya ce Bafillace ya shigo cikin Birni,
Ya gai da sa, bai gai da sarki ba.

Wannan shi ne wasan da hukumar UNESCO ta sa a jerin al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, kuma irinsa ne ke tsakanin Gobirawa da Zabarmawa, da tsakanin ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda ke bin juna kuɗin shara a watan cika-ciki. Ƙarfinsa yana wajen cewa wanda aka jefa yana da ikon ramawa nan take, fushi kuwa abin kunya ne gare shi.

'Yar Mirriya:
Yayyena, kun tsaya a fada da kasuwa, alhali makarantar habaici tana tsakar gida. Na tashi a gidan mata uku, kuma ban taɓa jin ɗayarsu ta zagi 'yar uwarta ba, sai dai Innata takan watsa tsaba da safe, ta dubi kaza, ta faɗi abin da ke ranta.

Inna ta ce, kaza, ci ki goge baki,
Kamar ba ki taɓa cin hatsina ba.
Amarya na ɗaka tana jin komai,
Gishirin da ta ara jiya ba ta mayar ba.
Ta fito da taɓarya ta hau lugude,
Ta ce tsohon turmi bai daina ƙara ba.
Kafin azahar gishiri ya koma gidansa,
Maigida bai san an yi shari'a ba.

Baba Baduku:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Ni iyakar abin ce ta dame ni, domin ina saurayi na taɓa yi wa wani abokin aikina ba'a a kan ɗingishinsa a wurin biki, mutane suka yi dariya, shi kuwa ya tattara fatunsa ya bar rumfarmu, kuma har ya rasu bai sake zama kusa da ni ba.

A taɓa rowa, a taɓa girman kai,
Hali ne, ba wanda aka haifa da shi ba.
Amma uwa da asali da halittar Allah,
Mai hankali bai mai da su abin wasa ba.

Ɗan Birni:
Baba, Allah ya jiƙansa. Gaskiya ita ce maroƙan da ma sun sha taɓa ƙirar jiki, su ce wane mai wuyan zalɓe, wane mai tumbin randa, kuma a ganina wannan ne mafi arha a cikin kayansu, tun da kowane yaro yana iya ganin tumbi, gano hali kuwa sai an zauna da mutum. Yanzu bari in biya taubashina bashinsa.

Bafillace, na ji batun nono a ƙwarya,
Ban musa ba, kuma ban ji haushi ba.
Tun Sarki Tanimu ya ja wa Birni ganuwa,
Ka ke zagaye, ba ka gane ƙofa ba.
Kawo kuɗin sharata na bara da bana,
Saniyarka ta shaida ba ka biya ba.