Wane itace zan dasa ƙudan zuma da tsuntsaye su dawo?

Uwar Biyu: Salamu alaikum. Na gaji ɗan fili a bayan gida, ƙasar rairayi ce, ba rijiya kusa. Itatuwan gargajiya nake so, waɗanda za su dawo da ƙudan zuma da tsuntsaye kamar da. Dashe uku kawai zan iya shayarwa. Waɗanne zan zaɓa kafin damina ta kankama?

Ɗan Fadama: Hajiya, dasa darbejiya da turare, shekara uku kin samu inuwa.

Mai Amya: Ai na gargajiya ta ce. Darbejiya daga Indiya aka kawo ta, turare daga Ostireliya, ga shan ruwa. Hajiya, gawo. Da damina yake kaɗe ganye, da kaka ya yi fure, lokacin da ciyawa ta fara bushewa. Amyata biyu a kansa suke. Sai magarya, ba ta neman ruwa.

Tsohon Manomi: Ni dai na bar dashe. Ɗorawa goma na shuka da hannuna, shekara tara ina ɗebo musu ruwa a kan jaki. Da dare furenta ke buɗewa, jemagu su yi ta zarya, su ne ke sa ta yi 'ya'ya. Na kwanta jinya wata biyu, na dawo na tarar masu gawayi sun sare bakwai. Har yau ba na son bin hanyar gonar.

Mai Amya: Allah ya mayar da alheri, Baba.

Ɗan Fadama: Tara? Tawa a shida ta yi kalwa.

Tsohon Manomi: Yaro, a fadama kake. Wanda bai taɓa noma tudu ba ya yi shiru.

Na Gefe: Hajiya, dasa ɓaure. Tsuntsaye za su zo, jemagu ma za su zo, maƙwabta su kai ki ƙara wajen mai unguwa 😂

Malamar Gona: Duba filin tukuna. In akwai kututturen kalgo ko sabara, bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, ki sare sauran. Saiwarsu ta riga ta yi nisa, ba sa buƙatar shayarwa.

Mai Amya: Ko an dasa, feshi fa? Bara maƙwabcina ya fesa wa wakensa magani da hantsi, ƙudan suna kan fure. Washegari da tsintsiya na share su a gindin amya.

Tsohon Manomi: Masu gawayin ma wa ya taɓa hana su?

Uwar Biyu: Na gode. To gawon, iri zan shuka ko dashe zan nema? Awaki kuma fa?