Agogon zafin giyar mota: larura ko asarar kuɗi?

Bakanike a Kofar Ruwa: Jama'a, ni fa ina kan bakana. Wannan agogon auna zafin man giya da ake ta liƙawa a mota mai giyar otomatik asarar kuɗi ne. Muddin allurar zafin inji tana tsakiya, giya ma lafiyarta ƙalau, tunda ta cikin lagireto manta yake bi ya huce.

Direba mai lodin Dawanau: Oga, da girmanka, ban yarda ba. Allurar nan zafin ruwa take nunawa, ba na man giya ba. Ka ɗauko buhuna daga Dawanau a watan Afrilu, zafin rana ya haura digiri 40, ka maƙale a cunkoson Kurna kana taka birki kana saki. A nan tok kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik, take ta kaɗa mai ba tare da motar ta yi gudu ba, zafi na ta hauhawa, ita kuwa allurar ruwa ko gezau. Man giya yana son ya zauna wajen 80 zuwa 95 a ma'aunin salshiyas. Ya fara wuce 120, sai ya soma ƙonewa, robobi su bushe, kulocin ciki ya fara sulɓi.

Bakanike a Kofar Ruwa: To ai sandar duba man giya tana nan. Ka zaro ta ka duba. Ja ne, lafiya. Ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri, ka canza.

Hajiya mai Sienna: Malam, ranar da na ji ƙaurin nan a tawa, aikin gama ya riga ya gama. Sai da aka sauke giyar gaba ɗaya. Da akwai abin da zai nuna min tun a hanya, wallahi da na tsaya.

Mai wayarin mota: Alhaji direba ya yi gaskiya, amma inda aka saka na'urar shi ne magana. In ka huda farantin ƙasan giya ka ɗaura ta a can, man da ya riga ya huce take karantawa, lambar za ta yi ƙasa. In ka yanka bututun da ke fita daga giya zuwa lagireto ka saka mahaɗin da zai riƙe na'urar, nan ne za ka ga ainihin zafin. Sai dai fa duk inda aka yanka, in ba a ɗaure da kyau ba, yoyo zai biyo baya, kuma giyar da manta ya zube ta fi saurin mutuwa.

Bakanike a Kofar Ruwa: Yawwa! Abin da nake gudu ke nan. Lafiyayyen bututu a je a yanka shi.

Mai wayarin mota: Ba dole sai an yanka ba, Oga. Motoci da yawa suna da na'urar auna zafi a cikin giyar tun daga kamfani. Ka soka ƙaramar na'urar OBD2, mai karanta bayanan kwamfutar mota, a ƙarƙashin sitiyari, in motar tana bayarwa, ka gani a wayarka.

Direba mai lodin Dawanau: Ni tsohuwar mota gare ni, ba ta bayarwa. Nawa ne aikin mahaɗin, kuma wane irin tiyo za a saya?

Bakanike a Kofar Ruwa: In ka nace, tiyon da aka yi don man giya za ka nema, ba na fetur ba. Ka kawo ta da safe, ni zan ɗaure da hannuna.