Neman shawara: ordinater marar nauyi ta yawon aiki

Nana Aïchatou: Assalamu alaikum ƴan zaure, barkanku da yini. Dan Allah shawara nike nema. Ordinater nike son in sake, marar nauyi, dan wagga da nike da ita ta gama da kafaɗata, ga ƙaton sharjer, kuma in ba jone take ba minti kaɗan ta mutu. Aikina dai kun sani, Excel da Word da rapor, sai reyiniyo a Zoom, sai misiyo Dakoro, Mayahi, wani lokaci har ƙauyuka bisa moto. Jikka 200 gare ni ba ƙari. Na ga wata siririya sabuwa fil cikin kwali a babbar kasuwa, kalar azurfa, jikka 140 aka ce mini. In ɗauka?

Moussa Ali Dan Sofo: Wa alaikumus salam Anti. Mi aka rubuta a jikinta?

Nana Aïchatou: Walahi ban duba ba, kyawunta na gani kawai 😅

Sani Bagobiri: An zo wurin.

Harouna: Ƙanwata dan girman Allah aje kuɗɗinki ki saurare ni. Irin ta na saya bara, siririya, mai kyau, ka ɗauke ta da yatsa biyu, mai shagon yana ta rantsuwa wai sabon yayi ce daga Dubai, wai gudunta ya hi na kowace a shagon. Na zo gida sati na farko lahiya lau, sai Windows ya fara sabunta kanshi, sai ta ce mini wuri ya cika, ni da ban sa komai ba sai takardun aiki. Ashe duka rumbun nata giga 64 ne, kuma ba SSD ba ne na gaskiya, wato rumbu mai gudu, eMMC ne irin na cikin tarho. RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, giga 4, injin Celeron. Ki buɗe Excel mai ɗan nauyi tare da Chrome ki tahi ki yi alwala ki dawo ba ta gama tunani ba. Zoom kuwa ana magana ni ina ganin mutane sun daskare baki buɗe. Duk wannan na haƙura. Da zafin Afrilu ya shigo sai na ga wurin da ake goga yatsa yana tasowa, murfin ƙasa ya buɗe baki, ashe batir ne ya kumbura kamar fanke. Na kai gun mai gyara ya kwance ta ya kira ni ya ce zo ka gani da idonka, RAM a liƙe, rumbu a liƙe, ba inda za a ƙara ko a cire, batir ɗin kuma babu irinshi a garin ga, sai an yi oda kuma ba tabbas. Na koma ma mai shagon ya ce shi garantinshi sati ɗaya ne, kuma zafi ai ba shi ya kawo shi Maradi ba. Har da cewa in kawo ta ya saye jikka 30. Tana nan bisa kwaba yara na kallon katun da ita in an jona. Kar ki soma.

Moussa Ali Dan Sofo: Innalillahi. Allah shi maida alheri Yaya Harouna

Sani Bagobiri: Zafi ba shi ya kawo shi Maradi ba 😂😂 gaskiya mai shagon ga ya iya magana

Harouna: Kai dariya ma ta ba ka ko

Laouali Mai Gyara: Salam. Yanzu na ga saƙonni, hannu na cikin aiki. Hajiya abin da Harouna ya faɗi haka yake, irin su nike gani kullum bisa teburina. Da jikka 200 kar ki nemi sabuwa, sabuwar wannan kuɗin ta ƴan makaranta ce. Ki nemi okaziyo irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka ke ba ma'aikatansu su sallamar bayan ƴan shekaru. Uku nike ba mutane shawara: HP EliteBook 840 G5 ko G6, Dell Latitude 7490, ko Lenovo ThinkPad T480. Dukkansu inci 14 ne, nauyinsu tsakanin kilo 1.4 zuwa 1.6, ba su kai waccan sirantaka ba amma sak ɗinki zai san an rage mishi kaya. Kuma ana kwance su da sukurdireba, a ƙara RAM, a sake SSD, a sake batir, kayansu suna samuwa nan ko Kano.

Laouali Mai Gyara: Abu ɗaya da za ki riƙe, lambar injin. In an ce miki Core i5 ki ce wane? Ki duba lambar da ke bayan i5, ta fara da 8 ko sama, kamar i5-8250U ko 8350U. In ta fara da 6 ko 7 ki aje. Dalili biyu: ta 8 zuciya huɗu gare ta, i5 ta 7 irin 7200U biyu ce. Na biyu Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma Windows 11 daga ta 8 yake karɓa bisa ƙa'ida. Ana cusa shi da dabara ga tsoffin, shi ya sa kar ki ga Windows 11 a ekran ki ce shikenan. Har cikin 840 G5 da T480 ɗin akwai masu ta 7, dan haka sunan kawai bai isa ba.

Nana Aïchatou: Na gode Malam Laouali. To RAM nawa?

Laouali Mai Gyara: 8 mafi ƙaranci, 16 in kuɗi sun kai. SSD 256.

Ibro Niamey: Fofo jama'a. Ni ban gane wahalar ga da kuke sha ba. MacBook Air M1 kawai. Kilo 1.29, ba fanka cikinta balle ta zuƙi ƙurar hunturu, batir ki yi wuni kina aiki ba ki nemi kuran ba. Tun 2020 ta fito kuma har yanzu ba ta tsufa ba

Sani Bagobiri: Bazabarme ya zo da girman kai. An ce maka jikka 200 gare ta, ko kai za ka cika mata?

Ibro Niamey: Bawana yi shiru manya na magana

Sani Bagobiri: Wa ya ga bawa na ba ubangidanshi umurni. Ka biya bashin kilishin da ka ci tukuna

Laouali Mai Gyara: Ibro batun batir da fanka gaskiyarka, ban musa ba, a nan ba mai kama ta. Amma ramuka biyu gare ta na USB-C sai na ekuter. Ba HDMI, ba ramin kile irin wanda kowa ke da shi. Hajiya ta je formasiyo Mayahi a miƙo mata wayar projekter ko wani ya ba ta kile, in ta mance adaptater gida aiki ya tsaya. RAM da SSD duka a liƙe. In ekran ya fashe bisa moto kuɗin gyaran sai ya kusa sayen wata HP ɗin. Kuma okaziyo ɗinta a yi hattara da mai kulle iCloud, wato asusun Apple na tsohon mai ita, in ta kulle ba abin da zan iya yi miki.

Ibro Niamey: Adaptater nawa yake dan Allah

Harouna: Ba kuɗinshi ba ne, mantuwa ce

Malam Issoufou: Assalamu alaikum. Duk kun yi magana mai kyau amma ba wanda ya taɓo kilabiye. Ɗiyata, rapor ɗinki da Faransanci kike rubuta shi. Galibin okaziyo da ke shigowa ta Najeriya ko daga Amurka QWERTY ne, mu kuma hannunmu AZERTY ya saba tun lekol. Babu é babu è babu ç bisa maɓallan, A da Q sun yi musanya, M ya ƙaura. Mai saida miki zai ce ba komai a liƙa takarda. Ni na ga masu liƙawar, zafi da zufa na taɓa su sai su fara zamewa. Kuma kilabiyen Amurka maɓalli ɗaya ya rage mishi, wanda ke kusa da Shift na hagu, shi ne mai < da > a AZERTY, mai aikin Excel kuwa yana bukatarsu. In da hali ki nemi wadda ta fito daga Faransa ko Beljiyam.

Moussa Ali Dan Sofo: Malam ta Beljiyam ma AZERTY ɗinta ya ɗan bambanta wajen alamomi

Malam Issoufou: Haka ne, amma haruffa suna inda aka san su.

Zeinabou UDDM: Ni QWERTY gare ni kuma da ita na rubuta memuwar ɗina gaba ɗaya. A Windows ki zaɓi kilabiye États-Unis international, ki danna ' sannan e ya ba ki é. Sati biyu hannu ya saba. Baba Malam ku dai ba ku son canji ne 🙈

Malam Issoufou: Mu da muka koyi bugu bisa keken rubutu ai sai a yi mana uzuri.

Alhaji Rabé: Wanda ke so a kawo mishi daga Kano ya yi magana, yarona na shiga Beirut Road ƙarshen wata. Da canjin naira yadda yake yanzu ta hi sauƙi nesa

Harouna: Alhaji in ta zo da matsala wa za a kama? A sake bin Dan Issa, Jibiya, Katsina har Kano saboda batir?

Alhaji Rabé: To nan da ka saya kusa da gida wa ka kama?

Sani Bagobiri: 😂😂😂 Alhaji ka gama da shi

Harouna: Allah ya isa tsakanina da zauren ga

Moussa Ali Dan Sofo: Wai naira nawa ne jikka yau? Jiya a tasha wani ya faɗa mini wani abu daban, na kasuwa daban

Alhaji Rabé: Kira ni, ba a faɗin farashin canji a zaure, kafin ka karanta ya sake

Abdoul Tarho: Akwai Tecno da Infinix sabbin shigowa, farashi mai sauƙi, mai so inbox 🔥🔥

Admin: Abdoul talla ranar Juma'a ce kawai, an sha faɗi. Goge.

Nana Aïchatou: Jama'a kun bar ni a hanya 😩 ni fa nauyin ne damuwata. Kilo 1.6 ɗin nan da sharjer da takardu ai ya koma jiya i yau. Babu wadda ta hi wannan sauƙi kuma mai ƙwari?

Laouali Mai Gyara: Akwai. ThinkPad X1 Carbon, samfuri na shida wanda ya fito 2018, kilo 1.1 da ɗan kai, inci 14, kuma duk da sirantakarta tana da HDMI da ramin kile biyu. Kilabiyenta daɗin bugu. Aibinta RAM a liƙe yake, abin da kika saya da shi za ki zauna, dan haka in za ki ɗauka ki nemi mai 16 tun farko, SSD da batir dai ana sakewa. Mai 16 ɗin da wuya jikka 200 ta kawo ta, sai an yi sa'a. T480 kuma ita ce mai nauyin cikinsu amma batir biyu gare ta, ɗaya ciki ɗaya na waje da ake zarewa, akwai babba mai 72Wh, sai dai yana ƙara nauyi da tudu a ƙasa. Mai kwana ƙauyen da ba kuran ita nike ba shi. Ke za ki auna, kafaɗa ko caji.

Zeinabou UDDM: Anti ki tabbata tana caji ta USB-C. Sharjer 65W ƙarami ya ishe ki ordinater da tarho duka, ki aje wancan ƙaton. Kuma power bank mai 65W yana ɗaga ta in an ɗauke kuran, ba irin na tarho na jikka 5 ba

Ibro Niamey: Duk dai zagaye kuke, ƙarshenta Mac za ku dawo

Sani Bagobiri: Wanda bai iya biyan kilishi ba

Laouali Mai Gyara: Ko wace kika zaɓa kar ki ba da kuɗi sai an yi gwaji gabanki. A buɗe cmd, baƙin shafin ba da umurni na Windows, a rubuta powercfg /batteryreport, zai hiddo takarda mai nuna abin da batir ke ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. In ya faɗi ƙasa da kashi 70 cikin 100 a rage miki kuɗin sabon batir. A shiga BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, a ga ba kalmar sirri, dan na kamfanoni wasu da kulle suke zuwa. Ekran ya zan 1920x1080, akwai masu 1366x768 cikinsu, Excel a wannan azaba ne. Ki buɗe farin shafi ki ƙure haske ki duba tabo. Ki danna kowane maɓalli, ki gwada kamera da mikro tunda Zoom kike, ki buɗe murfi ki rufe ki ji ko maƙalar na ƙara. Ki aza ta bisa tebur ki ga ko tana rawa, in ƙasan ya yi tudu batir ya fara kumburi. Bayan kin saya kuma kar a bar ta cikin mota da rana, kar a aza ta bisa katifa tana aiki, kuma a kawo a hure mata ƙura bayan hunturu.

Harouna: Ka ga da mai shagona ya bari an yi wannan duka da bai saida ko ɗaya ba

Malam Issoufou: A ƙara da duba kilabiye.

Zeinabou UDDM: Baba Malam bai haƙura ba 😂

Nana Aïchatou: To yanzu tsakanin EliteBook ɗin da X1 nike. Malam Laouali in na samu Asabar zan iya biyowa da mai ita shagonka ka duba kafin in biya?

Laouali Mai Gyara: Ku zo kafin azahar, bayan nan ina Tibiri wurin suna. In ya ƙi yarda a kawo ta a duba ki bar mishi kayanshi.

Alhaji Rabé: Hajiya in ba ki samu ba yarona dai na nan ƙarshen wata

Moussa Ali Dan Sofo: Wai ku unguwarku akwai kuran? Mu tun sha ɗaya aka ɗauke

Sani Bagobiri: Zariya 2 ma babu. Ibro aiko muna da Mac ɗinka mu yi caji