Tsohuwar Game Boy Color ta ƙi kamawa, ta ina zan fara?

Abban Hanif: Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata Game Boy Color, 'yar na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Nintendo, da ta daɗe a ajiye, na sa mata sabbin batura biyu, na tura makunni, shiru. Ko jar fitilar nan ba ta kawo ba. Mutuwa ta yi, ko da sauran rai?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Buɗe gidan batirin ka haska da tocila. Ka ga farin gari ko kore-kore a jikin sifirin?

Abban Hanif: Akwai kuwa. Sifirin ɗin ƙasa ya yi fari fat, har yana ɓarɓashi.

Maman Ilham: To an bar batir a ciki ya yi yoyo. Ruwan batirin alkalin ba asid ba ne, kishiyarsa ne, shi ya sa abu mai tsami ke kashe shi. Tsoma tsinken goge kunne a ruwan khal ko na lemon tsami ka ɗiɗɗiga a wurin, za ka ga yana kumfa. In kumfar ta tsaya ka goge da sifirit na isopropyl, ka bar shi ya bushe sarai. Kada garin ya shiga ido, ka kuma wanke hannu.

Baffa: Ni da samfefa nake gogewa, nan take ta tashi.

Injiniya: Baffa, a yi hattara da samfefa. Ƙarfen yana da siririn rufi a kansa, in ka kankare shi tsatsa za ta dawo da sauri fiye da da. Sai wurin da ya riga ya cinye, shi ma a hankali.

Abban Hanif, kana da mitar auna wuta? Wannan na'urar ta 1998 ce, bolt 3 take ci daga batura AA biyu. Auna kowane batir shi kaɗai, sabo ya kai 1.5 ko ya ɗan haura. Sannan ka sa su a ciki ka auna a bakin ƙarafunan biyu. In wuta ta iso nan amma fitila ba ta kawo ba, matsalar tana gaba.

Abban Hanif: Na wanke, na auna, 3.1 ya nuna. Da na tura makunnin fitilar ta ƙifta sau ɗaya ta ɗauke.

Injiniya: Madalla, wannan ƙiftawar albishir ce. Makunnin nake zargi. A cikinsa akwai ɗan ƙarfe da ke zamewa kan wasu ƙarafa, shekaru sun sa baƙin datti ya lulluɓe su, wuta ba ta wucewa yadda ya kamata. Cire baturan, ɗiga sifirit ta ramin makunnin, ka yi ta tura shi gaba da baya har hannunka ya gaji. Sau da yawa iyakarta ke nan. In bai yi ba sai an buɗe baya, kuma sukurorin waje masu baki uku ne, kada ka matsa musu da sukundireba na gida, kansu zai lalace. Wankin gaske shi ne a ɗaga murfin ƙarfen makunnin da ƙarfen narka dalma a goge ciki, amma wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara, ɗan ƙarfen cikin yana saurin tsalle ya ɓace.

Malam Sani: Ku ƙara da ramin adafta. Akwai ɗan harshe a ciki da ke yanke batir idan an soka waya. In ya yi datti ko ya maƙale, na'urar za ta zauna kamar an soka mata adafta alhali babu komai. Sa sifirit, soka kan adaftar da ba a jona da wuta ba, ka zare, ka maimaita.

Baffa: In fis ne fa? A haɗe shi da waya kawai.

Injiniya: Haba Baffa! Fis ɗin da aka rubuta wa F1 yana kan fanel, wato allon wutar da ke cikin na'urar, a gwada shi da mita a ga ko wuta na ratsa shi. In mitar ta yi ƙara lafiyarsa ƙalau. In ya ƙone a sa irinsa, a kuma nemo abin da ya ƙona shi, galibi adaftar da ba tata ba ce. Ka haɗe shi da waya, karo na gaba abin da ya fi fis daraja ne zai tafi. Kuma na'urar da fis ɗinta ya yanke, fitila ba za ta ƙifta ba ma.

Maman Ilham: Mai Game Gear, na'urar wasa ta hannu ta kamfanin Sega, in kana bin zancen nan, naka daban ne. Ita batura shida take ci, kuma ciwonta kafasitoci ne, ƙananan kayan riƙe wuta da ke kan fanel, da ke yoyo: ta kama ta mutu, ko hoto ya dushe, ko sauti ya ɓace. Sai an canza su duka.

Abban Hanif: Alhamdu lillahi, bayan sifirit a makunni fitila ta tsaya, ta yi ƙarar nan tata ta buɗewa. Sai dai inda ya kamata a ga sunan Nintendo wani cakuɗaɗɗen rubutu ne, kuma wasan bai tashi ba.

Malam Sani: Wannan kuma bakin kaset ɗin wasan ne ya yi datti. Goge haƙoransa da sifirit har auduga ta daina fitowa da baƙi. Kada ka hura da baki, danshi kake ƙara masa. In da wani kaset a kusa gwada shi, mu san ko laifin ramin na'urar ne.