Neman kalmar Hausa: me za mu kira "compatibility" a kayan kwamfuta?

Aminu: Salamu alaikum. Ana neman kalmar da za ta maye "compatibility", wato ko kayan da ka sayo don ƙara wa kwamfutar tebur ƙarfi za su yi aiki da na cikinta. Wasu suna rubuta "dacewa", wasu "daidaito". Wacce za mu tsayar?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. A ajiye daidaito a gefe, don yana sa mutum ya zaci awo ɗaya ya wadatar. Ram, wato ma'ajiyar bayanai ta wucin gadi, samfurin DDR4 da na DDR5 kowanne fil 288 gare shi, tsawonsu ɗaya, amma tsagar da ke ƙasansu ba wuri ɗaya take ba. Wanda ya danna da ƙarfi sai ya fasa ramin da ke kan bod, wato babban faifan da ake dasa kayan kwamfuta a kansa.

Hadiza: Malam, dacewar ma tana da rauni, ido take nunawa, kamar a ce hula ta dace da riga. Ku ɗauki LGA1151 na kamfanin Intel, wato mazaunin furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta. Furosesa i5-8400 zai zauna daram a kan bod H110, a sauke marfi, a kulle sandar, babu abin da ya cije. Ka kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin. H110 na furosesa ƙarni na 6 da na 7 ne, na 8 da na 9 kuwa sai bod irin H310 ko B360, duk da adadin fil ɗin bai canza ba. Ni "jituwa" nake ba da shawara. Mutum biyu kan zauna ɗaki ɗaya alhali ba sa jituwa.

Malam Bashir: Madalla, ƙanwata. Kuma jituwa tana karɓar sulhu, abin da sauran kalmomin ba su da shi. Tsohon bod B450 ba zai tashi da furosesa Ryzen 5 5600 ba, ko da yake dukansu na mazaunin AM4 ne, sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin bod mai tayar da kwamfuta. A yi sabuntawar tun tsohon furosesa yana ciki, kafin a kwance shi, a kuma jona UPS, batirin riƙe wuta, don in wuta ta ɗauke ana tsaka da aikin, bod ɗin na iya mutuwa.

Usman: Ina da ja, Malam. A shagon gyara ba wanda ke cewa jituwa. Tambayar ita ce, "Zai ɗauka?" Ga ƙananan kwamfutocin ofis na hannu da suka cika kasuwa: na'urar ba da wuta ta da yawansu ba ta wuce wat 240 ba, kuma ba ta da wayar katin girafik, wato katin sarrafa hoto. Ramin PCIe, inda ake dasa katin a kan bod, wat 75 kawai yake bayarwa, katin da ke da bakin fil 8 kuwa zai iya neman ƙarin 150. Mai gyara zai ce maka "ba za ta ɗauka ba", kowa ya gane.

Hadiza: Gaskiyarka, amma rubuta "a duba ɗaukar kayan" ka gani, za a zaci dako ake nufi.

Aminu: To, mu raba musu aiki. "Shiga" ga zaman abu a raminsa, "ɗauka" a bakin magana, "jituwa" a rubutu da kan darasi: jituwar ram da bod, rashin jituwar furosesa da BIOS. Saura mazaunin furosesa, tunda "soket" na bango yake kawo wa mutane a rai.

Usman: Gurbi. A rubuta gurbin AM5, gurbin LGA1700.